Garin Wanki A Fasa Tanki: Ɓarnar Da Ke Ƙarƙashin Motocin Tafi-da-gidanka A Amurka

Duk ranar Lahadi da hantsi a lokacin hutun zafi, akwai wani layi da ke kafuwa a zangunan shaƙatawa na Amurka, tun daga gandun dajin Yellowstone har gaɓar tekun Fulorida, kuma babu mai ɗaukar hotonsa ya tura wa 'yan uwa. Motoci ne manya, wasu girman bas, wasu tirela ce ɗaure a bayan a-kori-kura, sun jeru suna jiran wani rami mai murfi a bakin hanyar fita. Iyali sun kwana biyu ko uku a cikin motar, sun ci sun sha, sun yi wanka, sun kewaya. Yanzu lokacin sauke abin da aka tara ne. Maigida zai fito da safar hannu, ya jona mesa mai kauri daga gindin motar zuwa ramin, ya ja wani mariƙi, ya kau da kai. Idan motar ta zamani ce, zai ƙara jona wata siririyar mesa daga famfo domin ɗauraye tankin ta ciki.

A wannan mataki na ɗauraya ake yin ɓarnar da ta fi kowace ɗaci. Gargadar hanya na girgiza tanki, dutse na dukansa, sanyi na tsaga shi. Amma tankin da ya kumbura har ya ɗaga katakon ban-ɗaki, ko ya ɓalle daga ƙarafansa ya faɗo, galibi mai shi ne ya cika shi da hannunsa yana neman tsabta.

Gida a kan taya

Amurkawa na kiran waɗannan motoci RV. Ƙungiyar masana'antun da ke ƙera su, RVIA, ta ce a 2021 gidaje miliyan 11.2 ne suka mallaki irin wannan mota a ƙasar. A wannan shekarar kaɗai masana'antu sun fitar da sababbi 600,240, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, saboda annobar korona ta sa mutane sun guji jirgin sama da otal. Kusan huɗu cikin kowace biyar a jihar Indiyana ake haɗa su, musamman a garin Elkhart da kewayensa, inda kamfanin Thor da kamfanin Forest River suke da hedikwata. Forest River mallakar Berkshire Hathaway ne na attajiri Warren Buffett tun 2005. Kasuwa ce ta manyan kuɗi, kuma da yawan waɗanda suka shigo ta a shekarun korona ba su taɓa riƙe mesar masai ba a rayuwarsu.

Ba kowa ne ke shiga motar don shaƙatawa ba. Duk hunturu dubun dubatar mutane na taruwa a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, akwai 'yan fansho masu gudun sanyin arewa, akwai kuma waɗanda kuɗin haya ya kora daga gari. Fim ɗin Nomadland, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021, rayuwar rukuni na biyun ya nuna, kuma a cikinsa bokiti ne masai. Wanda ke da tanki ya ɗara mai bokiti, sai dai idan tankin ya fashe shi ma gidansa ne kacokan ya lalace, ba shi da wani ɗakin da zai koma.

Matsalar ta Amurka da Kanada ce fiye da ko'ina. A Turai yawancin irin waɗannan motoci ƙaramin akwati ne a ƙarƙashin masai, na lita 20 ko ƙasa da haka, wanda ake zarowa ta wata 'yar ƙofa a ja shi kamar jakar matafiyi a juye. Ba-Amurke kuwa ya fi son babban tanki a manne da mota, wanda zai yi mako bai waiwaye shi ba.

Tankuna uku ne a gindin motar. Ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, na ukun kuma, wanda suke kira baƙin tanki, shi ke karɓar abin da ya fito daga masai. Girmansa yakan kama daga galan 15 zuwa 50. Na galan 40 yana cin lita 151, wato nauyin kilo 150 da ɗoriya idan ya cika. Roba ce, mai faɗi marar zurfi, an rataye ta tsakanin ƙarafan mota da ɗamara ko ƙarfe mai kusurwa. A yawancin motoci masan yana zaune ne kai tsaye a kansa, feda kawai za a taka wani murfi ya buɗe komai ya faɗa. Ta ƙasa akwai bututun fita mai faɗin inci 3 da bawul mai zamewa kamar ƙyaure. Ta sama kuma wani bututu mai inci ɗaya da rabi ya ratsa bango ya ɓulla ta rufin mota, ta nan wari ke fita, ta nan tankin ke numfashi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, an ƙera wannan tanki don ya ɗauki nauyin abin da ke cikinsa kawai. Ba a yi shi don a matsa masa ruwa ba.

Lita uku da ke zama tan biyu

Na'urar ɗauraya abu ce mai sauƙi. Akwai baki a jikin motar ta waje inda ake jona mesa, daga nan siririn bututu ya hau sama ya bi ta wani bawul mai hana ruwa komawa baya, ya sauko zuwa kan feshi da aka huda aka dasa a jikin tankin. Wasu motocin da ita suke fitowa daga masana'anta, wasu kuma mai motar ne ke sayen irin na kamfanin Camco ko Valterra ya dasa. A kusa da bakin akwai sitika mai gargaɗin kada a kunna ruwa sai bawul ɗin fita yana buɗe. A galibin motoci wannan sitikar ce kaɗai kariya. Babu abin da zai yanke ruwan idan tanki ya cika.

A ce ruwa na shiga galan 4 a minti. Tankin galan 40 da babu komai a cikinsa zai cika a minti 10. Minti goma kuwa ai gaisuwa ce da maƙwabcin zango, ko amsa waya ɗaya.

Bayan ya cika ne lissafin ke ba da tsoro. Ruwan zai fara hawa bututun numfashi. Ɗauki tanki mai faɗin santimita 60 da tsawon santimita 140, wanda tsakaninsa da rufin mota mita biyu da rabi ne. Bututun siriri ne, lita 3 ko ɗan fiye ta ishe shi ya cika har sama. Amma ƙa'idar da Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17 ta ce matsin ruwa da tsayinsa yake tafiya, ba ruwansa da kaurin bututu, kuma yana bazuwa ko'ina a cikin mazubi rufaffe. Saboda haka waɗannan lita ukun za su sa rufin tankin ya ji turi daga ciki daidai da nauyin tan 2 da ɗoriya, gindinsa ma haka. Robar da aka yi don kilo 150 ce ake nema ta riƙe wannan.

Tun kafin ruwan ya kai rufi tankin ya fara kumbura. Samansa na tura katakon ƙasa, masai ya karkace ko ya tsinke daga zoben da ya riƙe shi. Gindinsa na lanƙwasa ƙarafan da suka tallabe shi har leɓen tankin ya zame, ya faɗa kan faifan robar da aka rufe gindin mota da shi. Wani lokacin haɗin robar ne ke buɗewa, wani lokacin wuyan bututun fita ne ke tsagewa. Mai sa'a shi ne wanda tankinsa ya jure har ruwan ya ɓulla ta rufi ya gangaro ta jikin mota, maƙwabta su yi masa ihu. Ya sha kunya da wanki, amma tankinsa na nan. A motocin da aka haɗe bututun numfashin tankuna biyu wuri ɗaya, ƙazantar kan tsallaka ta ɓullo ta magudanar wurin wanka.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Idan zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin bututun numfashi, ko ganye ya toshe shi, ko bututun ya saki ya zurma cikin tanki, to iska ba ta da mafita. Nan tankin zai fuskanci ƙarfin famfo gaba ɗaya. Ruwan famfon zango yakan zo da matsin psi 40 zuwa 80, a wasu wuraren ya wuce 100, alhali lissafin tan biyun nan bai kai psi 4 ba. Babu tankin da zai jira a kai ko rabin ƙarfin famfon.

Kuskuren da ke biyo baya kusan kowa shi yake yi cikin ruɗewa. Mutum ya ji ƙara, ya ruga ciki, ya taka fedar masai don ya leƙa. Wannan murfin ne kaɗai ya rage tsakanin matsin da fuskarsa. Abin yi shi ne a kashe famfo, a ja mariƙin bawul a waje, a bar tankin ya sauke, sannan a shiga.

Yadda mai hankali ke faɗawa ciki

Zai yi sauƙi a ce sakaci ne kawai, amma hanyoyin faɗawa suna da yawa, wasu kuma laifin masu ƙerawa ne. Bakin ɗauraya da bakin da ake jona ruwan sha na mota zarensu ɗaya ne, mesa ɗaya ke shiga kowanne, kuma a motoci da yawa suna dab da juna. Baƙon mota ya iso zango da dare a gajiye, ya jona mesa a bakin da ba shi ba, ya kunna famfo, ya shiga yana mamakin me ya sa ruwa bai zo kicin ba. A manyan tireloli masu tanki uku ko huɗu, mariƙan bawul a jere suke, rubutun da ke kansu ya goge, mutum ya buɗe na ruwan wanka yana zaton baƙin tanki ya buɗe. Wasu bawul ɗin ma da waya ake jan su daga nesa, wayar na iya saki, mariƙi ya fito a hannu ƙyauren yana nan a rufe.

Ko bawul na buɗe ba a tsira ba. Dunƙulen takarda na iya toshe wuyan tanki a tsakiyar aiki, mesa na iya lanƙwashewa, ramin zango na iya cika ya daina karɓa. Shi ya sa, a ganina, babu kayan aikin da ya kai wata 'yar gwiwar roba mai garai-garai da ake sa wa a bakin mesa amfani. Ba abin sha'awar kallo ba ne, amma ta nan ake ganin ko abin da ke shiga yana fita. Da an ga gudun ya ragu alhali famfo na aiki, a kashe.

Sai kuma babban dalilin, wanda ƙwararru suka fi sababbi faɗawa. Feshi da bawul a buɗe ba ya wanke tanki sosai, ruwan na bin hanya ɗaya ya fice. Don haka tsofaffin hannu sukan rufe bawul da gangan, su bar ruwa ya taru, sannan su buɗe ya fito da ƙarfi ya kwashe abin da ya kwanta. Dabarar na aiki, shi ya sa ba a daina ta ba duk da gargaɗin masana'anta. Akwai ma na'urori irin su Flush King da ke tura ruwa ta bututun fita ya koma cikin tanki, su ma cika shi suke yi. Wanda zai yi haka, bai kamata ya dogara da fitilun allon cikin mota ba. Yawancinsu wasu ƙusoshi ne da aka soka a jikin tanki a matakin kashi ɗaya cikin uku, biyu cikin uku da cikakke. Jiƙaƙƙiyar takarda na manne musu, wani gishiri mai tauri da ke fitowa daga fitsari na rufe su, sai su riƙa nuna tanki a cike alhali babu komai. Mai mota ya saba da ƙaryarsu, ranar da suka faɗi gaskiya ba zai yarda ba. Ma'aunin SeeLevel na wani kamfanin Kanada, wanda ake mannawa ta waje, ya fi su aminci. Mafi sauƙi kuma ita ce ƙaramar mitar ruwa da ake ɗaura wa mesa: ka san tankinka galan 40 ne, ka tsaya a 25. Wasu na ƙarawa da agogon famfo irin na masu ban-ruwan lambu, wanda ke yanke ruwa da kansa bayan mintunan da aka saita.

A nan nake ganin gazawar masana'antar. Ƙa'idar NFPA 1192 da ake ƙera motocin a kanta ta kula da kare ruwan sha daga gurɓata, wannan daidai ne. Amma motar da ake sayarwa dubban daloli, mai talabijin da firji da na'urar sanyaya ɗaki, a ce abin da ke tsakanin tankinta da fashewa sitika ce, wannan rowa ce. Garanti kuma galibi ba ya biyan irin wannan ɓarna, tunda za a ce an yi gargaɗi.

Rage buƙatar wankin tun farko

Mutane na matsa wa tanki da wanki ne saboda ƙazanta ta daskare a ciki, ita kuwa ƙarancin ruwa ke kawo ta. Wanda ya samu zango mai rami a gefen motarsa yakan bar bawul a buɗe dare da rana don ya huta. Ruwa ya tsiyaye, mai kauri ya zauna daidai ƙarƙashin masai, ya taru ya bushe ya zama tudu. Masu motocin na kiransa dala. Maganinta shi ne bawul ya zauna a rufe har tanki ya kai kashi biyu cikin uku, sannan a juye gaba ɗaya. A fara da baƙin tanki, a biyo da na ruwan wanka don sabulunsa ya ɗauraye mesa. In an gama a rufe, a zuba galan uku ko huɗu na ruwa ta masai, kada gindin tanki ya zauna a bushe.

Musulmin da ke tsarki da buta yana da riba a nan ba tare da ya sani ba. Tankinsa zai riga na maƙwabcinsa cika, amma da wuya ya san dala, domin ruwa ya yi yawa takarda ta yi kaɗan. Takardar goge jarirai da audugar mata kuwa ba su da wuri a wannan tanki ko kaɗan.

Akwai camfin zuba buhun ƙanƙara a masai a tuƙa mota wai ta kankare ciki. Ƙanƙara na yawo ne a saman ruwa ta narke, kuɗin kawai aka zubar. Soda mai ƙuna da ake buɗe magudanar gida da ita, da bilic mai yawa, suna cinye zoben roban bawul da na masai. Sinadaran kashe wari na da ma da matsalarsu: masu fomaldihaid suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a sokawen zango, shi ya sa jihar Kalifoniya ta hana sayar da su daga 1 ga Janairun 2022.

A sa na'urar rage ƙarfin ruwa a bakin famfo, wadda ke tsayar da shi wajen psi 40 zuwa 50. A ware wa ɗauraya mesarta daban mai launi daban, kada ta taɓa haɗuwa da ta ruwan sha ko a wurin ajiya. A hau rufi lokaci-lokaci a duba bakin bututun numfashi. A jihohin sanyi irin su Minnesota da Michigan akwai ƙarin aiki kafin hunturu: ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, ɗan abin da ya maƙale a bututun ɗauraya ya isa ya tsaga bawul ɗin roban da ke ɓoye a bango. Ba za a gane ba sai bazara, ranar wankin farko, ruwa ya ɓullo daga ƙarƙashin kabad. Ana hura bututun da iska, ko a tura masa ruwan hana daskarewa mai launin hoda da aka yi don bututun motocin, ba na injin mota ba, wanda guba ne.

Juyewa a inda ba a tanada ba kuwa laifi ne a doka. Mutanen Shikago ba su manta da Agustan 2004 ba, lokacin da direban bas ɗin mawaƙan Dave Matthews Band ya buɗe tankinsa a kan gadar titin Kinzie, kimanin kilo 360 na ƙazanta ya sauka a kan jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da ke wucewa ta ƙasa. Ƙungiyar mawaƙan ta biya dala 200,000 don a sasanta da hukuma.

In ɓarna ta riga ta auku

Aikin farko ba daɗi. Za a kwance faifan da ya rufe gindin mota, kuma sau da yawa ruwan ƙazanta na kwance a kansa, don haka a huda gefe ɗaya a tara bokiti kafin a kwance ƙusoshi. Audugar gilashin da ke tare sanyi idan ta jiƙe ba ta wankuwa, zubar da ita ake yi. Safar hannu da tabarau dole ne, domin ruwan na ɗauke da ƙwayoyin gudawa da na ciwon hanta. A tabbatar motar na tsaye daram a kan matokara kafin kowa ya shiga ƙarƙashinta.

Daga nan sai neman inda ya yi rauni. A wanke tankin, a rufe bawul, a zuba ruwa mai tsabta ta masai da 'yar kalar abinci, a kwanta da tocila ana kallo yayin da ruwan ke hawa. Sau da yawa jikin tankin lafiya lau yake, mahaɗa ce ta saki: zoben roban da ke riƙe bututun numfashi, gindin kan feshi, ƙusoshin ma'auni, ko bawul ɗin fita. Bawul ɗin noti huɗu ne ke riƙe da shi, ana sayar da sabo da zobensa, mai ɗan hannu zai canza shi da kansa. Bawul mai hana ruwa komawa baya shi ma ana canza shi, da yawa sukan sa na tagulla a madadin na roba. Abin da bai halatta ba shi ne a cire shi a haɗe bututun kai tsaye don a huta. Shi ne ke hana najasa komawa famfon da dukan zango ke sha.

Idan jikin tankin ne ya tsage, tambayar farko ita ce wace irin roba ce, domin iri biyu ne kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Akwai ABS, baƙa mai ɗan tauri, akwai foliyetilin mai santsi kamar an shafa mata kakin zuma. Launi na iya ruɗi, don haka a ɗiga asiton ko gam ɗin bututun ABS a wani lungu. In wurin ya yi laushi yana danƙo, ABS ce. In ko gezau bai yi ba, foliyetilin ce.

ABS ta fi sauƙin sha'ani, saboda gam ɗinta narkar da robar yake yi ta haɗe da kanta. Tankin ya bushe sarai tukuna. A huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, a ɗan fafe bakinta, a goge kewaye da samfefa. A shafa gam, a shimfiɗa ragar zaren gilashi da ta wuce tsagar ta kowane gefe, a sake shafawa, a bar shi ya sha iska, a maimaita hawa biyu ko uku. Wasu na narka gutsattsarin ABS a cikin asiton ko MEK su yi kunun da suke cike tsaga da shi, akwai kuma irinsa na kanti, kamar Plasti-Mend. Waɗannan sinadarai na kama wuta kuma tururinsu na bugarwa, a fili ake aikin, nesa da sigari da wutar gas ɗin mota. Gaggawar zuba ruwa kafin ya ƙame ita ke ɓata yawancin gyaran.

Foliyetilin kuwa gam ba ya kama ta. Walda ake yi mata da zafi, a narka bakin tsagar tare da sandar roba irinta, wani lokaci a nutsa ragar ƙarfe a ciki don ƙarin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai liƙin roba a kasuwa yana gyara jarka da ƙarfe mai zafi ya ga aikin, bambancin kawai a Amurka na'urar lantarki ce mai saita zafi. Ƙa'idar ma ɗaya ce: robar ciko ta zama jinsin ta tankin, in ba haka ba za ta ɓare. Kafin a kusanto da zafi a wanke tankin a bar shi a buɗe ya sha iska, domin ruɓaɓɓiyar ƙazanta na fitar da iskar da ke kama wuta da wata mai guba.

Silikon, da gam mai kamar ƙullu da ake murzawa, da tef mai danƙo, duk na kai-ni-gida ne. Tanki na motsi, yana buɗewa yana tsukewa duk lokacin da ya cika ko aka juye, abin da aka manna a kan fatarsa ba ya daɗewa.

Ba kowane tanki ne ya cancanci gyara ba. Tsagar da ke sama sai an sauke tankin gaba ɗaya, wato a cire masai, a yanke bututu, a kwance wayoyi. Wanda ya kai nan, in ya tarar haɗin ya buɗe da tsawo ko wuyan fita ya yage, gara ya sa sabo, don kuɗin aikin ya fi kuɗin robar. Sabon yakan zo ba huji, sai an auna tsohon an huda daidai. Kada kuma a mayar da shi kan ƙarafan da suka lanƙwashe. A miƙe su ko a canza, a ƙara ɗamara a tsakiya. Katakon ƙasa shi ne asarar da ke ɓoyewa: yawanci matsattsen katako ne mai shan ruwa, in ba a busar da shi da fanka kwana da kwanaki ba, bayan watanni zai yi laushi a gindin masai, wari kuma ya zauna. Wanda ya ruɓe yankewa ake yi a sa sabo.

Ga 'yan uwa mazauna Amurka da Kanada da ke hayar irin wannan mota don hutun iyali, kada kunya ta hana ku tambaya. Kafin ku karɓi makulli, a nuna muku bakin ruwan sha da bakin ɗauraya, a nuna muku mariƙin baƙin tanki, ku tambayi galan nawa yake ci, ku kuma karanta abin da takardar haya ta ce game da ɓarnar ruwa. In ba ku gane na'urar ɗaurayar ba, ku ƙyale ta, juyewa da zuba ruwa ta masai ya wadatar a tafiyar mako ɗaya. In kuwa kun kunna ta, mutum ɗaya ya tsaya a bakin famfon har a gama. Waya ta yi ƙara ko yaro ya yi kuka, a kashe ruwan tukuna sannan a tafi.